Yadda Ake Ba Dabbobi da Kayan Gida Halin Mutane a Labari da Zane

Duk wanda ya taso a gidan da ake tatsuniya bayan sallar isha ya saba jin kura tana magana, Gizo yana zuwa fada, zaki yana yanke hukunci, kuma bai taɓa tsayawa tambayar yadda aka yi dabba ta iya magana ba. Masana adabin Hausa suna kiran wannan dabara mutuntarwa, wato a ɗauki abin da ba mutum ba a ba shi hali ko aiki irin na mutum. Da yake mun saba da ita tun muna ƙanana, da yawa daga masu rubuta labaran yara da masu zana hotunan littattafai suna ɗaukarta abu mai sauƙi, shi ya sa ake samun labarin da aka sa wa akuya suna da riga, amma babu komai na akuya a tare da ita. Ƙa'idar da ta ratsa dukkan matakan da ke tafe ita ce, halin mutum da za ka ba dabba ya tsiro daga ainihin halittarta, kuma dabbar ta ci gaba da zama dabba har ƙarshen labari.

Mataki na farko: ka san abin da kake son faɗa game da mutane

Kafin ka zaɓi dabba, ka rubuta a jimla ɗaya halin ɗan Adam da ya dame ka, wanda kake son mai karatu ya gani da idonsa. Yana iya zama kwaɗayin da ke sa mutum ya saki reshe ya kama ganye, ko girman kan wanda bai taɓa barin garinsu ba, ko raina wanda ake cin guminsa. Daga nan sai ka tambayi kanka ko labarin yana bukatar dabba. Dabba tana yi wa marubuci aiki biyu. Na ɗaya, tana taƙaita bayani, domin da zarar ka ce kura, mai sauraro ya riga ya san da wa yake hulɗa. Na biyu, tana ba ka damar faɗin gaskiya mai ɗaci ba tare da ka nuna kowa da yatsa ba. Littafin Kalila wa Dimna, wanda asalinsa daga Indiya yake kuma Ibnul Muƙaffa ya mayar da shi Larabci daga Farisanci a ƙarni na 8, an gina shi a kan diloli biyu a fadar zaki, alhali abin da yake tattaunawa shi ne sha'anin mulki, annamimancin fadawa da haɗarin kusantar sarki. Idan labarinka ba ya bukatar ko ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka biyu, gara ka rubuta shi da mutane kai tsaye.

Mataki na biyu: ka san gadon da ka tarar

Dabbobin tatsuniyar Hausa sun riga sun yi suna, kuma mai karatunka ya san su kafin ya buɗe littafinka. Zaki sarkin dawa ne, mai ƙarfi da kwarjini, amma ana iya ruɗinsa da daɗin baki. Kura mai kwaɗayi ce, matsoraciya, mai gajeren tunani, kullum cikinta ke ja mata wahala. Dila malamin daji ne, shi ake kai wa shari'a saboda wayonsa. Gizo kuwa maƙaryaci ne, malalaci, ba ya son noma amma yana son amfanin gona, kuma matarsa Ƙoƙi ce take fama da shi. Hausawan da ke zaune a Ghana sun san yana da takwara a tatsuniyar Akan, wato Ananse, wanda shi ma gizo-gizo ne mai wayo.

Hanya mafi sauƙi ta sanin wannan gado ita ce ka tattara karin maganar da ke ambaton dabbar da ka zaɓa. An ce ba a ba kura ajiyar nama, an ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa, an ce kifi na ganinka mai jar koma, an ce giwa a garin wani zomo ce. Kowane ɗaya daga cikinsu ƙaramin labari ne da aka dunƙule, kuma yana gaya maka abin da jama'a suke tsammani daga dabbar. Ka kuma nemi tsofaffin tarin tatsuniyoyi, kamar juzu'i uku da Frank Edgar ya wallafa tsakanin 1911 da 1913 daga rubutun ajami na malamai, ka ga yadda magabata suka sarrafa waɗannan dabbobi. Wanda ya fi wannan duka shi ne ka zauna da tsohuwar da har yanzu take tuna tatsuniyoyin kakarta, domin a bakinta za ka ji muryoyin da takarda ba ta iya riƙewa.

Kana da 'yancin saɓa wa gadon, amma ba kyauta ake yin haka ba. Idan kana son kura mai amana, dole sauran dabbobi su ƙi yarda da ita da farko, dole kuma mai karatu ya ga yawunta yana zuba a kan naman da aka ba ta ajiya tana danne zuciyarta. Idan ka kawo ta a matsayin mai amana tun daga shafin farko ba tare da wannan gwagwarmaya ba, yaro ma zai ce maka wannan ba kura ba ce.

Mataki na uku: ka je ka kalli dabbar da idonka

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma a ganina shi ne ya fi kowanne muhimmanci. Karin magana yana ba ka abin da mutane suka ce game da dabba, kallo kuwa yana ba ka abin da ba a riga an faɗa ba. Dabbobin gida suna nan a tsakar gida da kasuwar kara, inda za ka iya zama ka lura da yadda bunsuru yake shiga tsakanin awaki, ko yadda kaza mai 'ya'ya take kumbura idan inuwar shaho ta gifta. Na dawa kuma ana ganinsu a gidan namun daji na Audu Bako da ke Kano, ko a gidan tarihi na Boubou Hama da ke Yamai, ko a dajin Yankari na jihar Bauchi, inda giwaye da gwaggon biri suke yawo a sake. Wanda ba zai iya zuwa ba, ya nemi bidiyon dabbar a intanet ya kalla sau da yawa. Ka ɗauki littafin rubutu ka amsa tambayoyi biyar: yaya take tafiya, me take ci kuma ta yaya, yaushe take barci, me take tsoro, wane irin kuka take yi.

Ka ɗauki kura misali. Ƙafafunta na gaba sun fi na baya tsawo, shi ya sa bayanta yake gangarawa, tafiyarta kuma take kama da ta mai ɗingishi. Muƙamuƙinta yana farfasa ƙashin da sauran namun daji suka bari. A irin kurar nan mai dabbare-dabbare, mata sun fi maza girma, kuma su ne suke jagorancin garke. Kukanta mai kama da dariya kuwa, masu nazarin dabbobi sun lura tana yawan yinsa ne idan tana cikin fargaba ko ana rikici a kan abinci. Wannan bayani na ƙarshe kaɗai ya isa ya ba ka tauraruwar labari, wato kurar da dariya take kuɓuce mata duk lokacin da tsoro ya kama ta, har a gaban zaki ranar shari'a, a ɗauka raini ne alhali firgita ce. Ka lura cewa ba ka ƙirƙiri komai daga iska ba, halin dabbar ne ka fassara da zuciyar mutum.

Tsuntsaye ma haka suke. Shamuwa tana isowa ƙasar Hausa dab da faɗuwar damina, ta yi sheƙa a kan bishiyoyin cikin gari, ta ci fara da sauran ƙwari, ba a cika taɓa ta ba domin ana ɗaukar zuwanta bushara, idan ruwa ya ɗauke kuma ta nufi kudancin Afirka. Daga nan za ka iya fitar da baƙuwar da take zuwa kowace shekara da labaran ƙasashen nesa, wadda ake murna da ita amma ba a taɓa ɗaukarta 'yar gari ba. Balbela kuma tana bin shanu tana cafke ƙwarin da kofatonsu suka tayar, wannan ya dace da halin mai raɓar manya domin ya ci abin da ya faɗo.

Mataki na huɗu: ka yanke iyakar mutuntakar da za ka ba ta

Akwai matakai na kusantar da dabba ga mutum, kuma wajibi ne ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kansa. A mafi ƙanƙanta, dabbar tana rayuwarta ta dabba, tunani kawai ka ba ta, mai karatu yana jin abin da ke ranta amma ba ta furta komai. A na tsakiya, dabbobi suna magana a tsakaninsu, suna da sarki da alƙali, amma suna kwana a rami da sheƙa kuma suna cin abin da suka saba ci. A mafi nisa, suna noma, suna aure, suna zuwa kasuwa, har suna hira da mutane, kamar yadda Gizo yake neman auren 'yar sarki a tatsuniya. Akun da Abubakar Imam ya sa yana ba da labarai a Magana Jari Ce, wanda aka fara bugawa a 1937, misali ne mai kyau na dacewar zaɓi, domin aku tsuntsu ne da aka sani da kwaikwayon maganar mutane, saboda haka mai karatu bai sha wahalar yarda da shi ba.

Ka rubuta dokokin duniyar labarinka a takarda daban ka ajiye kusa da kai. Shin mutane suna jin maganar dabbobi? Shin zaki yana cin talakawansa, kuma idan yana ci, me suke cewa game da haka? Shin akuyar da take magana tana iya ganin ana yanka 'yar'uwarta ranar suna? Waɗannan tambayoyi ba su da amsa ɗaya, amma idan ka amsa su ta wata hanya a shafi na biyu, kada ka sauya a shafi na goma.

Kada kuma ka raba dabba da gazawar jikinta, domin a nan daɗin labarin yake. Hausawa sun ce kunkuru ya so dambe ba shi da yatsa. Da a ce marubuci ya ba kunkuru yatsu domin ya sauƙaƙa wa kansa, da labarin ya mutu nan take. Abin da za a so a gani shi ne dabarar da kunkuru zai yi ya shiga fagen dambe da ƙoƙon bayansa da jinkirinsa.

Mataki na biyar: jinsi, suna da murya

Harshen Hausa ya riga ya raba maka jinsi, kuma ya kamata ka bi shi sai da dalili mai ƙarfi. Kura, giwa, hawainiya da bushiya mata ne a bakinmu, zaki, dila, kunkuru da zomo kuwa maza. Har sararin sama an yi masa haka, shi ya sa ake kiran tauraruwar nan mai haske Zara matar wata. Game da suna, yawanci sunan dabbar ya isa. Idan kana da biyu ko uku daga jinsi ɗaya, sai ka bambanta su da laƙabi ko dangantaka, kamar Inna Kura da autarta.

Murya ita ce take raya su. Masu tatsuniya sun daɗe da ba Gizo tsamin baki, yana mayar da harafin r zuwa y, ya ce sayki maimakon sarki, kuma da zarar yara sun ji haka sun san wanda ya iso. Kai ma ka ba kowane tauraro alama ɗaya ta magana: wani mai yawan rantsuwa, wani mai jan magana da karin magana, wani mai gajerun kalmomi. Ka sa su girmama juna yadda mutanenmu suke yi, domin a gaisuwa ake gane matsayi. Ga misali. Kura ta durƙusa gaban zaki tana haɗiyar yawu, ta ce, "Ranka ya daɗe, ni ko kallon naman ban yi ba, ƙamshinsa ne ya biyo ni har gida." Zaki ya dubi dila ya ce, "Malam, me shari'a ta ce?" Dila ya gyara zama ya ce, "Allah ya ba ka nasara, shari'a ba ta kama ƙamshi, sai dai a duba bakin wanda ƙamshin ya biyo." A wannan 'yar hira ba a bayyana halin kowa ba, amma an ji kwaɗayin kura, da ikon zaki, da wayon dila.

Ka yi amfani da amsa-kama wajen motsi, zomo ya fita fit, kura ta cafke caraf, tulu ya cika ɓul-ɓul. Idan labarin na yara ne, ka saka 'yar gajeruwar waƙa da za ta dawo sau biyu ko uku, wadda masu sauraro za su iya amsawa.

Mataki na shida: idan tauraronka kayan gida ne ko tsiro

Mutuntar da abu marar rai ya fi wuya, amma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A kacici-kacici muna cewa baba na ɗaka gemunsa na waje, muna nufin wuta da hayaƙi. A karin magana muna cewa Allah ya gyara rimi, ceɗiya ta bar fushi, muna kuma yi wa tsintsiya magana kai tsaye mu ce maɗaurinki ɗaya. Abin da za ka nema a jikin abu shi ne aikinsa, mazauninsa, abin da aka yi shi da shi, da abin da yake halaka shi, domin daga waɗannan huɗu halinsa zai fito.

Bari mu gina misali da randa da tulu. Randa tana zaune a lungu ɗaya shekara da shekaru, kowa yana zuwa wurinta da moɗa, ana yabon sanyin ruwanta. Sanyin yana samuwa ne saboda yumɓun da aka gina ta da shi yana barin ruwa ya tsattsafo, iska ta busar da shi, shi ya sa kullum jikinta yake da damshi. Tulu kuwa shi ne mai zuwa rijiya a kan gammo, ya sha rana, ya sha ƙura, kuma shi ya fi kusa da fashewa. Ga uwar ɗaki mai ji da kanta, ga kuma mai wahala wanda ba a gode masa. Randa ta ce, "Kai Tulu, kullum kana yawo a kan 'yan mata, ka dawo jikinka duk laka, yaushe za ka natsu?" Tulu ya ce, "Inna Randa, ruwan da ake yabon sanyinsa a cikinki, ni nake ɗauko shi da tsakar rana." Moɗa, wadda take shiga ciki ta fita hannun kowa, ita ce za ta zama mai kai gulma.

Dokar da za ta ba wannan labari ƙarfi ita ce, kayan ba sa motsi sai mutum ya motsa su. Tulu ba zai yi fushi ya tashi ya bar gidan ba. Iyakar abin da zai iya shi ne ya tsage ya fara yoyo, a jingine shi a bayan ɗaki, ruwan randa ya yi ta ja baya har moɗa ta fara kankarar gindinta. Damshin jikin randa, wanda a farkon labari alamar ni'ima ne, yanzu sai ya koma gumin fargaba. Haka za ka yi da kayan zamani. Janareto mai ƙara ne, mai shan mai, ba a tuna shi sai an ɗauke wuta, kuma da ta dawo a kashe shi ba sallama, wannan ya isa a gina masa hali da abin da ke cin ransa.

Mataki na bakwai: zanen hoto

Mai zane ya fara da zana dabbar yadda take a zahiri, sau da yawa, kafin ya fara sauya ta. Ya zaɓi alamomi biyu ko uku da ba za su taɓa ɓacewa ba, kamar kunnuwan zomo, gangaren bayan kura, ko hauren giwa, ya tabbatar ana gane ta ko da inuwarta kawai aka gani. Yanayin zuciya ya fito ta idanu da gira, sannan ta gaɓoɓin da dabbar take nuna shi da su a zahiri, wato kunne ya kwanta, wutsiya ta shige tsakanin ƙafafu, gashin wuya ya tashi. Tufa ɗaya ta wadatar, rawani ga zaki ko ɗankwali ga Ƙoƙi, domin cikakkiyar sutura tana ɓoye jikin da ake son a gani. Ga kayan gida, ka sa fuska inda harshe ya riga ya nuna, tunda tulu yana da baki da wuya, randa tana da ciki da gindi.

Ka zana dukkan taurarin a jere a shafi ɗaya domin ka daidaita girmansu, ka riƙa komawa gare shi a kowane hoto. Gizo yana bukatar shawara ta musamman, domin tatsuniya ba ta cika fayyace ko ƙwaro ne mai ƙafa takwas ko ɗan siririn mutum ba, saboda haka ka zaɓi siffa ɗaya ka riƙe. Bayan hoton kuma ya zama na wurin da labarin ya faru, da zaure da rumbu da danga da bishiyar kuka.

Iyakokin da ya kamata a kiyaye

Maganar tururuwa da ta alhudahuda a Suratun Namli gaskiya ce a wurin Musulmi, saboda haka kada a cakuɗa su da ƙagaggen labari, kada kuma a sa annabawa ko mala'iku a cikinsa. Ka yi hattara da rataya wa dabba allo ko carbi a hoto, ko da dila ne malamin daji, hula ta isa ta nuna matsayinsa. Haka nan kada ka fake da dabba ka ci zarafin wata ƙabila ta hanyar ba wawan labarin karin harshensu, domin yaro zai ɗauki rainin ya kai makaranta, ya sauke shi a kan abokin karatunsa.

Mataki na ƙarshe: gwaji da gyara

Idan ka gama rubutu, ka yi gwaji biyu. Na farko, ka cire sunayen dabbobin ka sa na mutane, ka sake karantawa. Idan babu jimlar da ta lalace, to dabbobinka ba su yi aikin komai ba, sai ka koma mataki na uku ka ɗebo abin da ka gani a jikinsu ka saƙa shi cikin abin da ke faruwa. Na biyu, ka tara yara ka karanta musu da baki, ka buɗe da ga ta nan ga ta nanku, su amsa ta zo mu ji ta, sannan ka lura da inda suka yi dariya, inda suka fara wasa da junansu, da inda wani ya katse ka da tambaya. Wurin da hankalinsu ya tafi yawanci bayani ne ya yi yawa, sai ka rage shi ko ka mayar da shi hira. Tambayar da suka yi kuma tana nuna inda ka karya dokar da ka kafa. Washegari ka nemi ɗaya daga cikinsu ya maimaita maka labarin, ka saurari ko ya kwaikwayi muryoyin, ka rubuta abin da ya manta, domin waɗannan wurare su ne za ka sake rubutawa kafin ka miƙa aikin ga mai zane ko maɗaba'a.